Yadda Ake Neman Izinin ESTA Kafin Tafiya Amurka ga Mai Fasfon da Aka Yafe wa Biza

Tun da na karɓi fasfon Birtaniya nake cike wannan fom. Na cike wa kaina, na cike wa maiɗakina da yara, na kuma cike wa dattawan da muke haɗuwa da su a masallacin Juma'a, waɗanda da zarar abu ya shafi kwamfuta sai su miƙo fasfo su ce, "Kai dai yi mana." Da yawa daga cikinmu suna ɗauka cewa ranar da mutum ya sami fasfon Turai, shi ke nan, sai ya sayi tikiti ya ɗauki jaka ya nufi Amurka. Biza kam an yafe maka, amma akwai izinin da za ka nema ta intanet tun kana gida, kuma idan ba ka da shi kamfanin jirgi ba zai ba ka katin shiga jirgi ba. Sunan izinin ESTA, kuma ya zama wajibi tun ranar 12 ga Janairun 2009. Hukumar kwastam da tsaron iyakokin Amurka, wadda ake kira CBP, ita ke bayar da shi.

Ƙasashe 42 ne ke cikin shirin yafe bizar. Akwai Birtaniya, Faransa, Jamus, Italiya, Sifen, Holan, Beljiyam, Ayalan, Japan, Ostireliya da sauransu, sai Katar da ta shiga a 2024. Babu ƙasar Afirka ko ɗaya a ciki. Saboda haka wannan bayani na Bahaushen da ya zama ɗan ɗaya daga cikin waɗannan ƙasashe ne, da 'ya'yansa da aka haifa a can. Mai koren fasfon Najeriya, ko fasfon Nijar, ko na Gana, ko da ya shekara ashirin a Landan da takardar zama ta dindindin, biza zai nema. Fasfo ake dubawa, ba inda kake zaune ba. Haka mai takardar tafiya ta 'yan gudun hijira. Shi kuwa yaron da aka haifa a Amurka, ɗan ƙasa ne, da fasfon Amurka zai shiga, babu ruwansa da ESTA. Ɗan Kanada ma ba ya buƙata, haka mai katin zaman dindindin na Amurka, haka wanda yake da biza mai rai a fasfonsa.

Izinin yana aiki shekara biyu, ko zuwa ranar da fasfon zai ƙare, duk wanda ya riga zuwa. A cikin wannan lokaci kana iya shiga sau da yawa, amma kowane zuwa ba zai wuce kwana 90 ba. Na ziyara ne, ko yawon buɗe ido, ko taron kasuwanci, ko ganin likita, ko ratsawa zuwa wata ƙasa. Ba a aiki da shi, ba a karatun digiri da shi.

Abubuwan da za ka tanada kafin ka zauna

Fasfon da za ka yi tafiya da shi, a hannunka, ba hotonsa da wani ya turo maka ta WhatsApp ba. Dole ya zama mai ɗauke da ƙwaƙwalwar lantarki, wato wanda ke da 'yar alamar nan mai kusurwa huɗu da da'ira a tsakiya a jikin bangonsa. Tun 1 ga Afrilun 2016 ba a karɓar wanda ba shi da ita.

Tsohon fasfonka na gida, ko da ya ƙare. Za a nemi lambarsa. Idan ka taɓa neman bizar Amurka da shi, ka tuno abin da ya faru, da shekarar, da inda ka nema, Abuja ne ko Legas ko Yamai.

Adireshin imel da kake iya buɗewa a take, domin za a turo lamba ka shigar kafin ka ci gaba. Idan dattijo kake cike wa kuma ba shi da imel, yi amfani da naka, amma ka sani duk wani saƙo game da izinin wurinka zai riƙa zuwa.

Katin banki irin su Visa ko MasterCard, ko asusun PayPal. Ba dole ne katin ya zama na mai tafiyar ba. Kuɗin ya kasance dala 14 na tsawon shekaru, ya koma 21 a Mayun 2022, sannan ya tashi zuwa dala 40 daga 30 ga Satumbar 2025, kuma doka ta ba da damar a riƙa ɗan ƙara shi duk shekara.

Sai sunayen mahaifi da mahaifiya, sunan wurin aikinka da adireshinsa, lambar wayar wanda za a kira idan wani abu ya same ka, da adireshin inda za ka sauka a Amurka. Ka kuma tanadi hoton shafin fasfon da ke ɗauke da fuskarka, wanda aka ɗauka cikin haske ba tare da ƙyalli ba, da hoton fuskarka na kwanan nan, ba hula, ba tabarau mai duhu. Ka ware wa kanka kamar rabin awa ga mutum ɗaya.

Shawara guda kafin komai: nemi izinin kafin ka biya kuɗin tikiti. Ba a buƙatar lambar tikiti a cikin fom ɗin, ba a ma buƙatar ranar tafiya. Hukumar da kanta tana cewa a nema aƙalla awa 72 kafin tashi, ni kuwa ina cewa wata biyu, domin idan aka hana ka, kana buƙatar lokacin neman biza.

Mataki na 1: Binciki tarihinka tukuna

Nan ne namu ya bambanta da na Baturen da bai taɓa riƙe fasfo biyu ba, kuma nan ne na fi ganin mutanenmu suna tuntuɓe. Akwai dokar da Amurka ta yi a 2015, wadda ta cire wasu mutane daga cikin shirin ko da fasfonsu na ƙasar da aka yafe wa biza ne. Duk wanda ya shiga Sudan, Libiya, Iraƙi, Iran, Siriya, Somaliya, Yaman ko Koriya ta Arewa daga ranar 1 ga Maris 2011 zuwa yau, bai cancanci ESTA ba. Haka wanda ya je Kuba daga 12 ga Janairun 2021. Haka kuma wanda yake riƙe da ɗan-ƙasancin Sudan, Iran, Iraƙi, Siriya, Koriya ta Arewa ko Kuba tare da na ƙasar da ke cikin shirin.

Dubi jerin nan da idon Bahaushe. Nawa ne daga cikinmu suka yi karatu a Khartum, a Jami'ar Afirka ko a makarantun koyon likitanci, bayan 2011? Nawa ne suka kai 'ya'yansu can suka kwana biyu? Akwai masu dangi a Sudan da suka je biki ko ta'aziyya. Akwai waɗanda suka yi ci-rani a Libiya, ko suka bi ta can kafin su tsallaka teku zuwa Italiya, yanzu kuma sun zama 'yan ƙasa. Akwai masu zuwa ziyara Najaf da Karbala. Ba a la'akari da cewa da koren fasfo ka yi waccan tafiyar, mutum ake tambaya, ba fasfo ba. An keɓe waɗanda suka je aikin soja ko aikin gwamnatin ƙasar da ke cikin shirin, akan kuma duba batun wasu 'yan jarida da ma'aikatan agaji ɗaya bayan ɗaya. Sauran mu, idan abin ya shafe ka, kada ka ɓata kuɗinka, wuce kai tsaye zuwa neman biza, na yi bayaninsa a mataki na 9.

Saudiyya ba ta cikin jerin, don haka Hajji da Umara ba sa hana komai. Masar ma ba ta ciki, Dubai ma haka. Na faɗi wannan ne saboda wata Hajiya da ta kusa fasa zuwa ganin jikarta a Atlanta, wai an ce mata duk mai hatimin ƙasar Larabawa a fasfo ba ya shiga Amurka.

Mataki na 2: Shiga shafin hukuma, ba na dillalai ba

Adireshin shi ne esta.cbp.dhs.gov. Rubuta shi da hannunka a saman burauza. Idan ka rubuta "ESTA" a Google, sau da yawa abin da zai fara fitowa tallan kamfanonin 'yan kamasho ne, masu tutar Amurka da hoton mikiya, waɗanda za su karɓi bayananka su cike maka fom ɗin nan dai, su caje ka ninki biyu ko uku. Karon farko da na yi wa kaina, irin wannan shafin na faɗa, ban farga ba sai da na ga abin da aka cire a asusuna. Izinin ya fito, amma na biya kuɗin banza, na kuma miƙa lambar fasfona da sunayen iyayena ga mutanen da ban sani ba. Alamar shafin gaskiya ita ce ƙarshen adireshin, wato .gov.

Akwai kuma manhajar waya ta hukumar, sunanta ESTA Mobile, a rumbun manhajojin Android da na iPhone. Ita ce na fi so yanzu, domin tana karanta ƙwaƙwalwar fasfon da kanta idan ka ɗora wayar a kan bangonsa, abin da ke rage kuskuren rubutu. Sai dai tana buƙatar mai fasfon yana kusa, domin za ta ɗauki hoton fuskarsa a take. Idan wayarka ba ta da na'urar karanta irin wannan ƙwaƙwalwa, ko mai tafiyar yana wani gari, koma shafin intanet a kwamfuta.

Ana iya sauya harshen shafin zuwa Faransanci da wasu harsuna, abin da zai taimaki 'yan'uwanmu na Faransa da Beljiyam, amma amsoshin da haruffan Ingilishi ake rubuta su.

Za a ba ka zaɓi biyu, na mutum ɗaya ko na rukuni. Idan iyali ne, zaɓi na rukuni, ka cike wa kowa nasa, ka biya a dunƙule. Kowane rai da izininsa, har jaririn goye.

Mataki na 3: Ɗora fasfo, sannan ka ƙi yarda da na'ura

Bayan ka amince da sharuɗɗan farko, za a ce ka ɗora hoton shafin fasfo. Na'urar za ta karanta ta cike maka suna, lambar fasfo, ranar haihuwa da ranakun bayarwa da ƙarewa. Kada ka latsa gaba. Ɗauki fasfon ka bi harafi bayan harafi.

Abin da za ka dogara da shi shi ne layuka biyun nan da ke ƙasan shafin, masu cike da alamar <<<. Yadda sunanka yake a wurin, haka za ka rubuta. Idan fasfo ya ce MOHAMMED, kada ka gyara zuwa Muhammad don haka kake rubutawa kullum. Sunaye irin su Sa'adatu, Mu'azu da Isma'il, a waɗannan layuka ba a sa musu 'yar alamar tsakiya, don haka SAADATU za ka gani, kuma shi za ka bi. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɗ da ƙ da ɓ, fom ɗin bai san su ba. Ka kuma lura da wanne ne sunan iyali a fasfon. Mu da yawa sunan mahaifi ne ko na gari ya zama sunan iyali, kuma na sha ganin an juya su, an sa sunan yanka a gurbin na iyali.

Lambar fasfo ita ce uwa uba. Kuskuren da ya fi yawa shi ne rikita sifili da harafin O, ko 1 da harafin I. Fasfon Birtaniya lambobi tara ne zalla, babu harafi. Na Jamus yana haɗa lambobi da haruffa, amma ba ya amfani da harafin O, duk abin da ka gani zagaye sifili ne. Mummunan abin shi ne, idan ka yi kuskuren lamba ɗaya, ana iya amincewa da izinin, ka yi ta murna, sai ranar tafiya a teburin awon kaya a ce maka babu ESTA a kan wannan fasfo. Kuma ba a gyara lambar fasfo bayan an biya, sai dai ka sake sabon nema ka sake biya.

Wurin zaɓen ƙasa, mai fasfon Birtaniya ya tabbata fasfonsa ya ce shi cikakken ɗan ƙasa ne, "British Citizen", domin akwai wasu nau'o'in fasfon Birtaniya da ba sa cikin shirin.

Mataki na 4: Ƙasa ta biyu da tsohon fasfo

Za a yi maka tambayoyi masu kama da juna, sai ka natsu. Shin yanzu kai ɗan wata ƙasa ne ban da wannan? Ka taɓa zama ɗan wata ƙasa a da? Wata ƙasa ta taɓa ba ka fasfo ko katin shaidar tafiya?

Ga wanda aka haifa a Kano ko Zariya ya zo ya sami fasfon Birtaniya, amsar ta farko "e" ce, sai ya zaɓi Najeriya, ya ce ta hanyar haihuwa. Tsarin mulkin Najeriya na 1999 bai ƙwace ɗan-ƙasancin wanda ya same shi ta haihuwa don ya karɓi na wata ƙasa ba. Fasfonka ya ƙare shekara goma da suka wuce ba ka sabunta ba? Ƙarewar fasfo ba ta cire ka daga zama ɗan ƙasa. Yaron da aka haifa a Manchester kuma mahaifinsa ko mahaifiyarsa ɗan Najeriya ne, shi ma tsarin mulkin yana ɗaukarsa ɗan ƙasa, to ina sa masa "e", ta hanyar iyaye.

Wasu suna jin tsoron ambaton Najeriya ko Nijar, musamman tun da Amurka ta tsaurara ba 'yan ƙasashen biyu biza a sanarwar Disambar 2025. Sanarwar ta keɓe mai ƙasa biyu da ke tafiya da fasfon ƙasar da ba ta cikin jerin. Ɓoyewar kuwa ba ta da amfani, tun da fasfon da ke hannunka ya riga ya rubuta inda aka haife ka. Jami'in da ya ga an haife ka a Katsina, ya kuma ga ka ce ba ka taɓa zama ɗan wata ƙasa ba, ka ba shi dalilin zaunar da kai ke nan.

Akwai kuma tambayar ko an san ka da wani suna dabam. Matar da ta koma amfani da sunan miji, ta sa sunanta na gidan iyaye. Wanda tsohon fasfonsa ya ce Mamman, sabon ya ce Muhammad, ya sa tsohon. Laƙabin gida irin su Baffa ko Ummi, idan bai taɓa hawa wata takardar hukuma ba, ba na sa shi.

Mataki na 5: Iyaye, aiki, imel

Sunayen iyaye ana sa su ko sun rasu. Na san da kunya wajen faɗin sunan mahaifi ko mahaifiya, kuma na ga dattijuwar da ta ce sai dai ta rubuta mini a takarda, to a rubuta ɗin. Idan da gaske ba a san sunan ba, ana rubuta UNKNOWN.

Wurin aiki, sa na yanzu, idan babu sa na baya. Mai sana'ar kansa ya rubuta haka. Sai imel, a turo maka lamba, ka shigar. Idan ba ta zo ba, leƙa akwatin tarkacen saƙonni kafin ka sake nema.

Akwai gurbin shafukan sada zumunta, irin su Facebook da Instagram. Lokacin da aka ƙara shi a ƙarshen 2016 na ganin dama ne, amma a Disambar 2025 hukumar ta fito da shawarar mayar da shi wajibi, har na shekara biyar baya. Dubi abin da fom ɗin ya ce ranar da kake cikewa. Idan ka sa, sa na gaskiya.

Da ka wuce shafin farko za a ba ka lambar nema. Rubuta ta a takarda nan take. Idan wuta ta ɗauke ko intanet ya yanke, da ita za ka dawo inda ka tsaya.

Mataki na 6: Inda za ka sauka

Tambayar farko a nan ita ce ko ratsawa kawai za ka yi zuwa wata ƙasa. Ko da awa biyu za ka yi a filin jirgin New York ka hau wani jirgin, sai da ESTA, domin a Amurka duk mai canjin jirgi sai ya bi ta gaban jami'in shige da fice. Idan ziyara ce, sa suna, adireshi da lambar wayar mai masaukinka, ko na otal. Idan ba ka tsayar da masauki ba tukuna, fom ɗin yana karɓar UNKNOWN, kuma adireshin masauki yana cikin abubuwa biyu da ake iya gyarawa bayan an ba da izini, ɗayan shi ne imel. Duk da haka na fi son a sa adireshi na gaske, domin jami'i zai tambaye ka baki da baki.

Mataki na 7: Tambayoyi tara na e ko a'a

Mutane sukan bi su da gudu suna latsa "a'a". Idan wani kake cike wa, karanta masa kowace ɗaya, ka fassara masa, ya ba da amsa da bakinsa, domin shi doka za ta kama, ba kai ba.

Ana tambayar cututtuka masu yaɗuwa da mutum yake ɗauke da su yanzu, irin su kwalara, tarin fuka mai yaɗuwa, zazzaɓin shawara, da zazzaɓin Lassa da Ebola. Hawan jini da ciwon suga ba sa ciki. Ana tambayar kamu ko hukunci kan laifin da ya jawo babbar ɓarna ko cutar da wani, da laifin miyagun ƙwayoyi, da ta'addanci, da yin ƙarya don samun biza, da neman aiki ko yin aiki a Amurka ba da izini ba, da wuce wa'adin zama, sai ta tara kan ƙasashen da na lissafa a mataki na 1.

Ta bakwai ita ce tamu: an taɓa hana ka bizar Amurka, da wannan fasfo ko da wani na baya? Da yawanmu mun taɓa tsayawa layi a ofishin jakadanci tun muna gida, aka miƙo mana takardar ƙi. Wani shekara goma sha biyar ke nan, ya ma manta. Su ba su manta ba, sun ɗauki hoton yatsunka a ranar, kuma za su sake ɗauka a filin jirgi. Amsa "e", ka faɗi lokaci da wuri. Mai yiwuwa a hana ka ESTA saboda haka, ka je ka nemi biza, wanda ba wani abin tashin hankali ba ne. Amma idan ka ce "a'a" aka gano, ka shiga sahun waɗanda suka yi wa hukuma ƙarya don shiga ƙasa, hukuncin wannan kuwa yana iya zama hani na har abada.

Ka kuma kula da yatsanka. Latsa "e" bisa kuskure a tambayar ta'addanci ya sha jefa mutane cikin wahala, kuma ba a warware shi da sake cike sabon fom washegari.

A ƙarshen shafin akwai sharaɗin da mutane ba sa karantawa: mai shiga da ESTA ya yafe haƙƙinsa na ɗaukaka ƙara idan jami'in kan iyaka ya ce ya koma, sai dai mai neman mafaka. Idan wani ka cike wa, akwai akwatin da za ka latsa ka bayyana haka.

Mataki na 8: Bita, biya, jira

Za a nuna maka duk abin da ka rubuta, a kuma ce ka sake shigar da lambar fasfo da wasu bayanai. Kada ka kwafo daga sama, sake dubawa daga fasfon. Ni nakan ba wani ya karanta mini da ƙarfi ina bi a allo. Sannan ka biya. Idan ba ka biya ba cikin kwana bakwai, za a goge neman. Idan katinka ya ƙi, yawanci banki ne ya tare saboda cinikin ƙasar waje, sai ka amince a manhajar bankin ko ka gwada PayPal.

Amsa iri uku ce. "Authorization Approved" na nufin an amince. "Authorization Pending" na nufin ana dubawa, kuma yana iya kai awa 72, kada ka sake cike wani. "Travel Not Authorized" na nufin an hana. Sau da yawa amsar takan fito cikin 'yan awoyi. Kada ka zauna jiran imel kawai, koma shafin ka duba matsayin nemanka da lambar da ka rubuta. Idan lambar ta ɓace, ana iya nemowa da lambar fasfo, ranar haihuwa da ranakun fasfon.

Izinin yana manne da lambar fasfonka a kwamfutar hukuma, ba a buga komai a fasfo. Duk da haka ina buga takardar in sa a jaka, in kuma ajiye hotonta a waya.

Mataki na 9: Idan an hana

Ba za a faɗa maka dalili ba, ofishin jakadanci ma ba zai faɗa ba. Kuɗin duba takarda kaɗai za a cire, ba duka ba. Kada ka sake nema da sauya amsa, wannan shi ne babban kuskure. Hanyar ita ce bizar ziyara ta B-2, ko B-1 idan kasuwanci ne. Za ka cike fom ɗin DS-160, ka biya dala 185, ka nemi ranar ganawa a ofishin jakadancin Amurka na ƙasar da kake zaune. A Birtaniya, Landan ne ko Belfast. Da fasfon Turan za ka nema. Wanda aka cire saboda zuwa Sudan ko Libiya ba a ce ya yi laifi ba, so ake jami'i ya gan shi ya yi masa tambayoyi, kuma idan aka ba shi bizar, yawanci ta fi ESTA daɗewa, tana kuma ba da damar zama har kusan wata shida.

Mataki na 10: Ranar tafiya da bayan isa

Tafi da fasfon da ka nemi izinin da shi. Idan daga Abuja ko Kano za ka tashi bayan hutu a gida, ka fita da koren fasfo a wurin jami'an shige da ficen Najeriya, amma fasfon Turan za ka ba kamfanin jirgi, shi kuma za ka nuna a Amurka. Dole ka riƙe tikitin komawa ko na wucewa gaba. Mai shiga ta mota daga Kanada ko Meziko ma, tun Oktobar 2022 sai da ESTA.

ESTA izinin hawa jirgi ne, shiga ƙasa kuwa yana hannun jami'in da zai karɓe ka. Zai tambaye ka me ya kawo ka, wurin wa, kwana nawa, wa zai ɗauki nauyinka. Amsa a taƙaice, kuma ta dace da abin da ke fom. Kilishi da dambun nama a bar su a gida, ba a shiga da su, sauran kayan abinci kuma a bayyana su idan an tambaya. Kuɗin da ya haura dala 10,000 ma sai an bayyana.

Kwana 90 ɗin nan kwana 90 ne, ba wata uku ba, ƙirga su a kalanda. Ba a tsawaita su, kuma leƙawa Kanada ko Meziko a dawo ba ya sabunta ƙirgar. Gwaggon da za ta je zaman jego, kwana arba'in ya shiga ciki har da rara, amma idan 'yarta ta ce ta ƙara wata biyu, a dubi kalanda kafin a ce to. Wuce wa'adi ko da kwana ɗaya yana fitar da mutum daga shirin, daga nan sai biza. Ana iya ganin ranar ƙarshe da aka ba ka a shafin i94.cbp.dhs.gov, tun da yanzu ba kowane jami'i ke buga hatimi a fasfo ba.

Sabon fasfo na buƙatar sabon ESTA, ko da tsohon izinin bai ƙare ba. Haka idan ka sauya suna, ko ka zama ɗan wata ƙasar, ko amsar ɗaya daga cikin tambayoyi taran ta sauya. Fasfon yara a Birtaniya shekara biyar yake yi, don haka nasu ne ya fi saurin shammatar mutum.

Idan jirginka zai yada zango a Toronto ko Montreal, Kanada ma tana da nata izinin, eTA, dala 7 ta Kanada, mai aiki har shekara biyar, kuma ESTA ba ya maye gurbinsa. 'Yan'uwanmu masu fasfon Amurka ko Kanada da za su zo Ingila, tun 8 ga Janairun 2025 su ma sai sun nemi izinin Birtaniya mai suna ETA, masu fasfon sauran ƙasashen Turai kuma, ban da Ayalan, tun 2 ga Afrilun 2025. Kafin ka biya tikiti mai arha da ke ratsa ƙasa biyu, rubuta sunan kowace ƙasa da jirgin zai sauka, ka duba izinin da take nema a shafin gwamnatinta.